Katangar da ta Raba Shagon Kafinta

Shekara talatin da huɗu Baba Kafinta ya yi a shagon mahaifinsu. Nan ya koyi riƙe zarto, nan ya rasa rabin ɗan yatsa. Da tsohon ya rasu, ƙanin Baba ya zo da wata takarda da shi Baban bai taɓa gani ba, ya kawo magina suka ja katanga ta tsakiyar shagon. Ƙofa da injin yankan katako suka faɗa ɓangaren ƙanin. Shi kuwa ya tashi da taga da benci, sai da ya fasa bango ta lungu ya samu mashiga.

Matarsa ta ce ya kai ƙara.

"Cikinmu ɗaya," in ji shi. "Ba zan tsaya gaban alƙali ina nuna shi da yatsa ba. Yatsan ma guntu ne."

Wani mai fenti ya gaya masa akwai lauyoyin da ke sasanta mutane a ofis, ba sai an shiga kotu ba. Ya wanke riga ya fita nema. Na farko bai bari ya kai aya ba ya ce maganar kotu ce. Na biyu, kwana biyu yana zaman jiransa bai ga ko ƙeyarsa ba. Ta ukun mace ce, ofishinta a saman wani kantin magani. Kujerar da ta ba shi tana rawa, sai da ya duƙa ya duba ƙafarta kafin ya zauna.

Ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ce, "Baba, zan iya zaunar da ku. Amma sai shi ma ya sa hannu cewa ya yarda da abin da zan yanke."

Ya ɗauki takardar da ta ba shi ya zagaya ta babbar ƙofar shagon. Ƙanin ya karanta a tsaye, ya miƙa masa kayarsa.

"Yaya, wace rigima za a sasanta? Ni ban ga rigima ba."

Sau uku lauyar tana aika wa ƙanin wasiƙa. Ranar da ta sa musu, Baba ya zauna tun hantsi har la'asar, kujerar da ke gefensa ba kowa. Ta rufe fayil a hankali.

"Ba a yin sulhu da mutum ɗaya, Baba. Kotu kaɗai ta rage."

"To, a bar shi," ya ce.

Yanzu da zarton hannu yake aiki. Ya daina karɓar gado da kabad, kafaɗarsa ba ta ɗauka, sai ƙananan kujerun tsuguno. Masu kawo aiki da yawa ba su san da ƙofar lungun ba. Bara ƙanin ya ba mai gyaran waya hayar ɓangarensa, aka ɗaure injin a bayan mota. Baba yana tsaye ya ga sun ɗora shi a karkace. Ya buɗe baki zai gyara musu, sai direba ya ja mota.