Katantanwar Awudu Kuku

Shekara goma sha tara Awudu ya yi yana dafa wa mutum talatin da biyu abinci a jirgin dakon kaya da ke tashi daga tashar ruwa ta Tema. Shi ya sa duk unguwarsu ta Nima, Kuku ake ce masa. Mutum ashirin da uku ne a gidansu ban da shi, kuma bai taɓa dawowa ba sai da tsarabar kowa.

A 1978, jirgi na tsaye a Mombasa, ya ƙirga tsaraba ya ga ashirin da biyu. Ta matarsa Azara ce babu. Ya gangara bakin teku, ruwa ya janye, sai ga katantanwa a gindin dutse, tsawonta ya kai tafin hannu, da zanen ja da fari kamar an yi mata lalle. Ya ɗauka, ya yi taku ɗari biyu da arba'in zuwa inda wani tsohon masunci ke gyaran koma.

A kasuwar Nima, mai sayen dodon koɗi yakan zura masa yatsa a baki ya ga ko da rai. Awudu ya ɗaga yatsa ke nan, tsohon ya make masa hannu. Katantanwar ta faɗa bokitin ƙananan kifaye.

"Baba, me na yi maka?"

Tsohon ba ya jin Hausa. Bokitin kawai ya nuna.

Can sai wani jan zare ya leƙo daga siririn bakinta, yana lalube a hankali. Sau ɗaya ya taɓa kifi. Kafin Awudu ya ƙirga uku, kifin ya sandare. Bakin ya buɗe kamar buhu, ya haɗiye shi ɗungurungum.

"Mauti," in ji tsohon. Wannan kalma kam Awudu ya sha jin ta a bakin liman: mutuwa. Ya daɗe tsugune, yana ta subhanallahi.

Tsohon ya dafa ta, ya wanke, ya ba shi ƙoƙon.

Da ya iso Nima, Azara ta juya tsarabarta. "Baban Fusena, wata shida a teku, ƙoƙon dodon koɗi ka kawo mini? Ko miya babu a ciki."

Ya ba ta labarin tun daga dutsen. "Abu ba ƙafa, ba ƙashi, Azara. Taku ɗari biyu da arba'in tana hannuna, Allah bai ba ta izini ba."

Azara ta kama hannunsa, ta ƙirga yatsun ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗora katantanwar can saman kabad, inda hannu ba ya kaiwa.