Hannun da Ya Ƙi Wankuwa

Wallahi wannan abu a kaina ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma har yau in na tuna shi raina ke fara ɓaci kafin tsoro ya zo. Shekarar babban fari ce, soja na mulki, ni kuma ina aikin gini a Tasawa.

Akwai wani attajiri, mu ce masa Alhaji kawai. A jikin katangar gidansa akwai gurbi, daidai ƙirjin mutum, inda tun zamanin mahaifinsa ake girke randa da moɗa don masu wucewa, kuma tsohuwarsa, Iya, ita ke sa a cika ta kullum. Da makiyaya suka fara gangarowa daga wajen Isawan, dabbobinsu sun ƙare, sai Alhaji ya ce an mai da masa ƙofar gida mashaya, ya kira ni in toshe gurbin in shafe bangon da siminti. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na karɓi aikin.

Ina cikin shafe wata mata ta iso da 'yarta ƙarama, leɓunansu duk sun tsage. Yarinyar ta miƙa hannu tana laluben randa, ba ta ko kai gurbin ba, ta dafa ɗanyen siminti a ƙasansa. Ga bokitin ruwa a gabana, matar ta kafa masa ido, amma Alhaji na tsaye, sai na ji bakina ya ce, "Na kwaɓi ne." Na sa cokalin gini na shafe sawun hannun, suka wuce.

Ba a yi mako ba baƙar fumfuna ta fito a bangon. Fumfuna fa, jama'a, da rani, a shekarar da ko yawu ka tofa kafin ya kai ƙasa ya bushe! Alhaji ya aiko aka kira ni, ko sallamata bai amsa ba.

"Kai magini, simintina ka sace ka cika mini da ƙasa ko? In ba ta hita ba kahin Juma'a, jandarma za su ji."

Wanda ya san lokacin ya san jandarma sai sun gama dukanka suke tambayar sunanka. Na kawo ruwan jabel, wato ruwan nan mai fid da tabo, da sabulu da burushin ƙarfe, na dirje har hannuna ya ɗaye, na bari ya bushe na shafa farar ƙasa. Washegari ta dawo, ta ma fi da baƙi. Abin da ya fi ci mini rai, Alhajin da ya ga moɗa ɗaya ta yi wa baƙo yawa, shi ne ya jera 'yan garuwa suna ta kwarara wa bango ruwa, ga mutane zaune a tsallaken hanya suna kallon ruwan na bin ƙasa. Bango na sha, ɗan Adam na haɗiyar yawu. Kai, tir!

Rana ta uku na sa kurfi na fasa shafen don in ga ko laima ke ciki. Na rantse muku bulon a bushe yake ƙayau. Na sake sabon shafe, da safe na zo na tarar ta fito, kuma a ƙasan gurbin ta yi siffa: tafi ɗaya, yatsu biyar, ɗan ƙarami. Na ja da baya.

Iya ta dogaro sanda ta fito, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗan nan, bar wahal da kanka. Ba wanki take so ba, abin da anka hana ta take biɗa."

Ranar Alhamis ban nemi izinin kowa ba, na ɗauki guduma na buɗe gurbin. Alhaji ya fito yana kumfar baki, Iya ta zauna dirshan a gindin bangon ta ce masa, "Kira jandarman, su hwara da ni." Aka fito da randa aka cika, mutanen tsallaken hanya suka taso suka sha. Kafin a sauko daga Juma'a fumfunar ta bushe tana zuba kamar kunkunniya, duk ta kaɗe, ban da hannun nan. Alhaji bai kai ni ko'ina ba, bai kuma ce mini sannu ba.

Bayan shekaru, Iya da Alhaji duk sun rasu, na bi ta unguwar na tsaya shan ruwa. Hannun na nan, girmansa bai ƙaru ba, amma ni na shafe shi da cokalina, na san inda yake. Ya taso daga can ƙasa, yana bakin gurbin, dab da moɗa. Na kasa sha.

Ban san mene ne ba, ban kuma san ko yarinyar ta kai wata rijiya ba. Ku dai in fumfuna ta fito muku a siminti ku dirje ta da jabel, za ta fita. Amma in mai ƙishirwa ya tsaya a gabanku, ko ruwan kwaɓi ne, ku miƙa masa bokitin.