Ƙyauren Ɗakin Inna

Ɗakin Inna, mahaifiyata, shi ne na ƙarshe a gidanmu na ƙauye, can ƙurya kusa da rumbuna, ƙofarsa tana kallon gabas, inda ruwan damina yake bugowa. Tun Baba yana da rai ƙyauren langa-langa ne a jiki. Tsatsa ta cinye gindinsa, har wata rana ya yanke ta a ƙafa. Da na zo gida na ga tsumma ɗaure a idon sawunta, na ce wannan ƙyaure ya gama aiki.

A hanyar komawa birni, bayan an wuce Dawanau, akwai wani mai shagon katako da yake sayar da ƙofofi haɗaɗɗu. Dattijo ne, da furfura a gemu, da carbi a hannu. Ya nuna mini wani ƙyaure na filawud, irin katakon nan da ake manna shi falle-falle da gam. Fuskarsa sumul, an shafe shi da jan fenti sai ƙyalli yake. Ban ɓoye masa komai ba.

"Alhaji, ɗakin tsohuwa ne a ƙauye. Ƙofar tsakar gida take kallo, ruwa yana dukanta. Zai jure?"

Ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa. "Malam, ji sautinsa. Wallahi wannan ruwa bai san hanyar shigarsa ba. Kai wa Inna, ta sa mana albarka."

Aka ɗaura mini a saman bas, na juya da shi ƙauye. Ranar da aka kafa shi, Inna ta yi ta shafa shi da tafin hannu, ta kira maƙwabta su zo su gani.

Da rani lafiya lau. Ruwa yana sauka ya fara nuna halinsa. Gindinsa ya kumbura, samansa ya kantare waje, sai an sa kafaɗa yake rufuwa. Ni ina birni, ba wanda ya gaya mini.

Cikin tsakiyar damina aka kwana ana ruwa da iska. Matar ƙanena, wadda take kula da Inna, ta jawo mata ƙofar da ƙarfi don kada feshi ya jiƙa mata shimfiɗa. Gari ya waye, ƙanena ya ɗauki fartanya ya tafi gona. Matan gida kuma suka kwashi yara suka tafi suna ƙauyen da ke gabanmu. Da ma Inna takan koma barci bayan asuba, don haka suka ajiye mata koko a bakin ƙofa, suka tafi ba su tashe ta ba.

Ashe tun asuba take fama. Ta ja ƙyauren, ya ƙi motsi. Ta sake ja da hannu biyu, sai mariƙin ya tsinko a hannunta da ƙusoshinsa, ta zube a kan tabarma. Ta yi taimama a jikin bango ta yi salla. Ta yi kira ta 'yar tagar ɗakin, amma muryar tsohuwa ina za ta kai, ga ruwa yana zuba a kan kwano? Tana jin fitarsu, tana kira, ba wanda ya ji.

Sai bayan azahar ƙanena ya dawo. Ya tarar da koko a bakin ƙofa, kaji sun kifar da shi. Ya buga ƙofar da kafaɗa ta ƙi, ya ɗauko gatari. Ya same ta zaune a bakin gado, ta juya fuska bango. Ƙishirwa ba ta dame ta kamar ɗaya abin ba. Matar da ta haife mu, wadda ban taɓa ganin ko kanta a buɗe ba, dole ta sa ta biya buƙatarta a cikin tsohuwar fanteka, a ɗakin da take salla, ta rufe da faifai ta tura ƙarƙashin gado. Ita ba ta taɓa faɗa mini ba. Matar ƙanena ce ta gaya mini, tana kuka.

Da na zo na duba inda gatari ya fasa, na ga abin da na saya. Fatar waje ce kawai mai kyau, siririya kamar ɓawon albasa. Ciki guntaye ne da ramuka, wani wurin babu ko ɗigon gam, sai baƙin danshi da wari. Da yatsa nake ɓare shi.

Na ɗaure ɓari biyu na ƙyauren, na hau bas da su har shagon. Na zube su a gabansa.

"Alhaji, ka gane wannan?"

Ya leƙa daga kan bencinsa, bai ko miƙe ba. "Ruwa ne ya taɓa shi."

"Ai na gaya maka ruwa zai taɓa shi. Ka rantse mini."

"Malam, katako ne fa. Ni na yi shi? Haka ake kawo mana. Da ka ce mai ƙarko kake so, da na nuna maka na ciki."

Wato akwai na ciki. Yana da shi a ranar, ya dube ni, ya ambaci sunan Allah, ya ba ni wannan. Na gaya masa tsohuwa ta wuni a kulle. Sauran ban iya faɗa ba, don ba zan tona asirin Inna a gaban 'yan kallo ba. Ya ce, "Ayya, Allah ya kiyaye gaba," ya juya ga wani mutum da ya shigo da ɗiyarsa suna duba irin wannan ƙyauren.

Na ɗauki ɓari ɗaya na miƙa wa mutumin. "Baba, duba cikinsa kafin ka saya." Ya juya shi, ya sa farce ya ɓare falle ɗaya, ya ja hannun ɗiyarsa suka fita. A nan ne Alhaji ya miƙe, yana cewa na zo ɓata masa kasuwa. Sai a lokacin ransa ya ɓaci. Mutane suka shiga tsakani suna ba ni haƙuri, kamar ni ne mai laifi. Shagon yana nan har yau, jajayen ƙofofin nan a jere a bakin titi.

Kafintan garinmu ya yi wa Inna sabon ƙyaure na falanki, mai nauyi, yana buɗuwa da yatsa ɗaya. Ta gode, ta sa masa albarka. Amma ta sa aka kawo mata wani dutse ta ajiye a dokin ƙofa, ya tokare ƙyauren a buɗe. Ko ruwa ake, ko sauro ya yi yawa, sai dai ta saki labule. In wani ya kai hannu zai janye dutsen, sai ta ce, "Bar shi nan."