Baba da Jan Ƙyalle

Babanmu mai gyaran keke ne, amma idan kana nemansa a unguwa, ka ce Marigayi. Da ransa aka sa masa sunan, kuma yana amsawa.

Sojoji ne suka ja masa. Tun ina yarinya, duk bayan 'yan shekaru sojojin ƙasashe sukan taru a filin bayan bariki su yi atisaye, yaƙin gwaji. Sai su ɗebi mutanen gari su zama waɗanda yaƙin ya rutsa da su. A shafa maka jinin ƙarya, a ɗaura maka ƙyalle a hannu. Mai ja, rauninsa ya yi tsanani, za a ɗauke shi a jirgi mai saukar ungulu. Mai baƙi ya riga ya mutu, sai ya kwanta a rana har a tashi. Baba kullum baƙi. Wai ya iya kwanciya, ko ƙuda ya sauka a hancinsa ba ya motsi.

Shi kuwa burinsa ɗaya a duniya: a cece shi sau ɗaya, ya hau jirgin nan.

Yaƙin kansa bai taɓa gane masa ba. Da farko ƙasashe biyu ne, daga baya suka yi yawa har tutoci suka cika bakin titi. Waɗanda suka harbe shi a wancan zuwan, su ne a wannan zuwan suke tsallake shi suna ba shi haƙuri. Ya tambayi tafinta, "Wai da wa muke faɗa?" Tafinta ya ce da wata ƙasa ce da aka ƙirƙira, babu ita. Baba ya dawo gida ya zauna a kan bencin faci, ya ce da ni, "Uwata, ƙasar da babu ita, ita ke kashe ni kullum?" Inna ta ce ai maganinsa ke nan, mutum da jikoki yana yi wa kansa mugun fata. Ni kam haushi nake ji, wallahi. Ni ke wanke rigar, kuma jan jinin nan ba ya fita.

A zuwansu na baya aka ce daga wannan an gama da mutane, mutum-mutumin roba za a riƙa kawowa. Baba ya rufe shago, ya yi ta bin wani saje, ya gyara masa keken ɗansa, har Allah ya sa aka ɗaura masa ja. Zo ka ga murna! Har aski ya yi.

Ina tsaye a bakin wayar da ta kewaye filin na ga an ɗauko shi a gadon marasa lafiya, yana nishi yana ɗaga mini hannu. Aka shigar da shi jirgin. Farfela ta fara juyawa. Sai ga wani mai farar hula, cikin masu hukunta wanda ya ci da wanda ya faɗi, ya zo ya ɗaga hannu. Aka kashe inji. Wai abokan gaba sun harbo jirgin, duk na ciki sun mutu.

Baba ya ƙi sauka. Yana cewa, "Ranka ya daɗe, ai ba mu tashi ba. A ina aka harbo mu?" Tafinta ya kwance jan, ya ɗaura masa baƙi, ya nuna masa inda zai kwanta. Ya kuwa kwanta. Ni na yi kuka, ban ɓoye ba.

Bana suka dawo. Ƙafa ta hana Baba tafiya sosai, amma ya dage sai na raka shi bakin waya. Muna tsaye aka fito da wani ƙaton mutum-mutumi da jan ƙyalle, sojoji suna gudu da shi, suna dafa masa goshi. Jirgi ya tashi da shi. Baba ya bi shi da ido har ya ɓace bayan tankin ruwa, sannan ya juyo.

"Uwata," ya ce, "shi wannan wa ya sani a ciki?"