Ministan da ya ƙi hawa mota

Ku da kuka tashi a unguwar Deptford ta Landan kun san Baba Dankali, Baturen Norway ɗin nan da ba ya wuce ƙasa sai ya dumtsa ya shinshina. Ga kwat, ga lakataye, ga hanci duk turɓaya. Jiya aka gaya mini ya rasu, har yau kuwa ban gane kansa ba.

Manomi ne. Mutanen ƙauyensu suka tura shi majalisa, wai don ya fi kowa gardama. Da aka samu man fetur a ƙarƙashin tekunsu, sai aka wayi gari an naɗa shi minista. Mai a cikin ruwa, jama'a! Ni dai na saurara kawai.

In ya zo taro Landan, mahaifinku Malam Sani ne direbansa. To, mutumin nan ba ya hawa mota. Sai ya kama tafiya a ƙasa, Malam na biye da shi a hankali kamar mai rakiyar gawa. Kamfanin hayar motar suka ce in minista bai hau ba, direba ba shi da amfani. Ga ku ƙanana, ga kuɗin hayar gida.

Na ce, "Malam, kawo mini shi."

Ya zo a bas. Na dube shi sama da ƙasa na ce, "Malam, tambaye shi, ina tumbinsa? Ina 'yan rakiya? Can ƙasarmu, shekarun nan na mai, ko masinjan minista ya fi shi ƙiba."

Baturen ya ce, "Gaya wa Hajiya, shanu ake kiwatawa."

Na kawo tuwo. Kafin in juyo, ya fita bayan gida yana tonon yakuwata. Ya ce, "Ƙasar nan yunwa take ji."

Na ce, "Mu ma saura kaɗan, in ba ka hau motar nan ba!"

Ya kaɗe ƙasar hannunsa. Can ya ce shi ba ya ƙona mai don ɗaukar mutum mai ƙafa biyu, amma kaya daban ne. Washegari sai ga baƙar mota tana ƙyalli a ƙofarmu, but ɗin bayanta cike da takin doki, minista a gaba kusa da direba. Wallahi haka aka yi ta yi, taki a kawo mini, shi a wuce da shi taro. Malam ya tsira da aikinsa, maƙwabta suka daina gaishe ni.

Daga baya muka ji ya ajiye muƙamin. Malam ya buga masa waya, ko ƙazafi aka yi masa? Ya ce a'a, ciyawa ce ta isa yanka, ɗansa kuma ba ya iyawa shi kaɗai. Na ce, "Malam, sake tambaya, ƙila ba ka ji da kyau ba." Ya sake. Ciyawar dai ce.

Ba addininmu ɗaya ba, amma ta dalilinsa tukunyata ba ta sauka daga wuta ba. Allah ka san bayinka, ka san abin da ya yi mana. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka sa wa zuriyarsa albarka. Amin.