Yadda Kujerar Ɗiyata Ta Koma Baya

Ɗiyarmu ta fari tana da wata huɗu maigidana ya dawo daga kasuwar Utako da kujerar jarirai ta mota, irin wadda aka yi amfani da ita a Turai kafin ta iso hannunmu. A unguwarmu ta Jikwoyi ba mai irinta a lokacin, kuma ya san da haka. Ya ɗaure ta a gaba, kusa da shi, yarinyar tana kallon baya, shi kuma yana kallon maƙwabta ko sun gani.

Yayata ma'aikaciyar jinya ce a Gwagwalada. Ranar da ta zo mana yini, tun daga bakin ƙofa, da ta hango kujerar a gaban mota, ta daka tsawa. Ta nuna mini gaban motar, ta ce akwai jakar iska a ɓoye a ciki. In aka yi karo, fitowa take yi da ƙarfin gaske, kuma bayan kujerar za ta fara duka, daidai inda kan yarinyar yake. Babba take karewa, jariri kuwa tana iya kashe shi. Ta sauko da abin tare rana, sai ga hoton jariri a kujera an ja masa jan layi.

Maigida ya leƙa ya ce, "Anti, ai wannan cewa yake kada a bar yaro a rana."

Daga ranar na fara magiya. Na yi da lallami, na yi da fushi, har akwai lokacin da na daina shiga motar. Amsarsa ɗaya ce: shekara nawa yana tuƙi bai taɓa buge ko akuya ba, kuma rai a hannun Allah yake. Na ce haka ne, amma me ya sa yake kulle motar da kwaɗo biyu? Ya ce in daina haɗa addini da wasa.

Ana haka kawunsa ya zo daga Katsina ganin likitan ido. Muka je tasha ɗauko shi. Tsohon ya buɗe ƙofar gaba, ya tarar da jaririya ta miƙe ƙafa tana tsotsar yatsa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya juya ga ɗan 'yar'uwarsa.

"Wato a Abuja haka ake yi? Ni a baya, wannan a gaba?"

"A'a, Kawu, yanzu za a gyara."

Ban taɓa ganin maigida ya yi aiki da sauri haka ba. Nan take ya kwance bel, ya mayar da kujerar baya. Abin da na yi wata biyu ina roƙo, Kawu ya same shi kafin ya gama gyara hularsa. Mako uku ya yi tare da mu, kuma da ya tafi, maigida ya ga wahalar sake ɗaurawa ta yi yawa, ya bar kujerar a baya.

Bayan shekara biyu maƙwabcinmu ya sayi tasa kujerar, ya sa a gaba. Ina shanya na ji muryar maigida ta katanga.

"Oga, kana son ɗanka kuwa? Ba ka san akwai jakar iska a nan ba? Mutanenmu ba sa karatu, shi ne matsalar."

Mutumin ya yi ta godiya. Da maigida ya shigo, na tambaye shi a wace makaranta ya yi nasa karatun. Ya ce in zuba masa abinci, yunwa yake ji.