Daga Najma Nake

Shekara biyu na yi a Doha ban taka bakin teku ba. Lokacin korona ne, daga asibitin da nake gyaran na'urorin numfashi sai ɗakinmu na Najma, unguwar 'yan ci-rani, inda mu huɗu muke kwana. Da aka sassauta kulle, wata Juma'a na nufi tsohuwar kasuwar bakin ruwa don in ga jiragen katakon da ake ba ni labari. Mai gadi ya dubi takalmin aikina, ya ce yau ranar iyali ce, gwauro ba ya shiga. Ina tsaye wani Bature ya wuce ta gabana ya shige shi kaɗai.

Da gasar kofin duniya ta zo, na koma sanye da babbar rigar sallata. Mai gadin nan dai na tarar. Ya washe baki yana marhaba da baƙo, har da tambayar daga wace ƙasa na zo kallon ƙwallo.

Da na yi shiru, da na wuce salin alin. Zuciyata ta ƙi.

Na ce, "Daga Najma nake. Ni ka kora bara. Matata har yau tana Zariya."

Na shige, na zauna ina kallon masunta suna gyaran koma har la'asar. Juma'ar da ta biyo na sake zuwa, da takalmin aikin nan a ƙafata.